Wane masaukin bakin teku zan zaɓa in je in huta ni da iyali?

Kawu, saƙonka na murya ya iso ni daren Alhamis. Kukan shanun da nake ji a bayanka ya gaya min daga kasuwar Maigatari ka aiko shi. Ka ce an auna jininka an ce ya hau, likita ya ce ka ajiye lissafin buhunan riɗi da zoɓo ka huta ko na kwana goma ne. Ka ce babban ɗanka ya ɗauki nauyin tafiyar, kai kuma ka ga hoton wasu ɗakuna a kan ruwa a wayar yara, ranka ya biya, kana tambaya wane tsibiri da wane masauki za ka zaɓa kai da iyali. Na ga gara in rubuta amsar a natse, domin ba kai kaɗai kake yi min irin wannan tambaya ba. Shekaru ke nan ina shirya wa mutanenmu tafiya, na fara da Umara, daga baya aiki ya kai ni Gabashin Afirka, kuma abin da zan faɗa maka akasarinsa na taka shi da ƙafata.

In fara da hoton da ka gani. Irin waɗannan ɗakuna da ake kafawa a kan turaku cikin ruwa, ƙasar Maldibs ce ta yi suna da su. Tsibirai ne ƙanana kusan 1,200 a tekun Indiya, babban birninsu Male, mutanenta Musulmi ne, kuma ana ba baƙo izinin kwana 30 a filin jirgi. Wurin yana da kyau, ba ƙarya aka yi a hoton ba. Amma ga yadda tsarinsu yake: manyan masaukan nan kowanne tsibiri guda yake mamayewa shi kaɗai. Babu gari, babu kasuwa, babu mai shayi a bakin hanya. Ruwan sha ma a wurinsu za ka saya, a farashin da suka yanka. Bayan kuɗin ɗaki akwai haraji da ladan hidima da ake ɗorawa, waɗanda idan aka haɗa sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin. Sannan daga filin jirgi sai an ɗauke ka da jirgin ruwa mai gudu, ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda ba ya tashi da dare, kuɗinsa kuwa ɗaruruwan daloli ne ga mutum ɗaya. Kai da na sani, wanda idan bai ji ɗuriyar mutane ba tsakanin azahar da la'asar sai ya fita ƙofar gida, kwana uku a irin wannan wuri zai zame maka kamar an tsare ka. Tun 2009 gwamnatinsu ta yarda a buɗe ƙananan gidajen baƙi a tsibiran da mutanen gari suke zaune, irin su Maafushi, inda ba a sayar da giya kuma masallaci yana kusa. Wannan ya fi dacewa da mu. Duk da haka, don tafiyar farko ni Zanzibar zan ce maka.

Zanzibar wani yanki ne na Tanzaniya tun haɗewar 1964. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, kuma Unguja ake nufi idan an ce za a je hutu. Mafi yawan mutanen Musulmi ne. Za ka ji kiran salla da asuba, za ka ga mata da mayafi, maza da farar riga da hula ranar Juma'a. A ƙauyen Kizimkazi da ke kudu akwai masallacin da rubutun bangonsa yake ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107. Harshensu Suwahili ya sha daga Larabci kamar yadda Hausa ta sha, don haka kunnenka zai riƙa tsintar kalmomi: labari su ce habari, asuba su ce asubuhi, sabulu sabuni, kanumfarin da suka yi suna da nomansa kuma karafuu. Alhamis da Juma'a kusan yadda muke faɗa suke faɗa. Mutum ba ya jin ya ɓata a can, wannan kuwa rabin hutu ne.

Abin da na fi so ka riƙe, Kawu, shi ne ka tambayi halin ruwan da ke gaban masaukin kafin ka tambayi ɗakin. Mu da muka saba da kogin Haɗeja mun san ruwa yana cika da damina ya ja da rani. Teku kuwa cikarsa da janyewarsa sau biyu ne a yini da dare. Wajen awa shida yana cika, wajen awa shida yana ja, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Wata ne yake jan sa, shi ya sa abin ya fi ƙarfi lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu. A gabashin Unguja, wato Paje da Jambiani da Kiwengwa da Matemwe, ƙasan tekun shimfiɗaɗɗe ne kamar fadama. Idan ruwa ya ja sai ya tafi can nesa, ka tsaya a ƙofar masauki ka ga fili fetal na jiƙaƙƙen rairayi da duwatsun ruwa, kwale-kwale suna kwance a ƙasa. A lokacin ne matan ƙauyen suke shiga gonakinsu na ciyawar teku, wadda suke ɗaurewa a igiya tsakanin turaku, su girbe su shanya su sayar. Kai manomi ne, na san za ka tsaya kallon wannan noma fiye da yadda za ka kalli ruwan. A arewacin tsibirin kuwa, Nungwi da Kendwa, gaɓar tana da zurfi, ruwa ba ya yin nisa ko ya ja, ana iya shiga kusan kowane lokaci. Mai ɗaukar hoton talla ba ya ɗauka sai ruwa ya cika, saboda haka a waya duka iri ɗaya za ka gan su.

Da jin haka za ka ce to a tafi arewan. A nan ne ake yin kuskure. Saboda ruwan can yana zaune, can ne Turawa matasa suka fi taruwa. Akwai mashaya a kan rairayi, akwai kiɗa, a Kendwa har bikin dare ake yi idan wata ya cika. Akwai kuma samari masu bin baƙi suna tallar yawon kwale-kwale, waɗanda mutanen gari suke kira papasi, ba sa barin mutum ya zauna shiru. Na taɓa tura wani dattijo da iyalinsa wani masauki a wannan ɓangare, na dogara da hoto da yabon da na karanta a intanet. Ashe katanga ɗaya ce tsakaninsu da gidan rawa. Dare biyu bawan Allah bai runtsa ba, ranar ta uku ya kira ni murya a dashe. Sai da muka yi asarar kuɗin sauran kwanakin muka mayar da su gabas. Tun daga ranar ban ƙara tura kowa wurin da ban tambayi abin da ke dama da hagunsa ba. Haka Paje a gabas, iska ce da ita mai ƙarfi, masu wasan tsere a kan ruwa da wata irin lema da iska ke ja sun mayar da ita sansaninsu, ba ta rabuwa da hayaniya.

Ga mai hawan jini da aka ce ya huta, Matemwe ko Jambiani nake zaɓa. Ƙauyukan masunta ne, masaukansu ba su cika girma ba, dare yana yi wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa. Kai ba iyo ya kai ka ba. Abin da kake bukata inuwa ce, da iska, da rairayin da za ka taka da safe bayan salla, da barcin da waya ba za ta katse shi ba. Janyewar ruwan da wasu suke ƙorafi a kai, a wurinka dama ce ta tafiya a hankali. Ka dai sa takalmin roba, domin akwai wata halitta mai baƙaƙen ƙayoyi kamar bushiya da take maƙalewa a duwatsu, idan ta soki ƙafa ta ɓata hutun. Kuma ka tambayi ma'aikatan masauki lokacin da ruwa zai dawo kafin ka yi nisa, domin dawowarsa ta fi yadda ido yake zato sauri. Ko da ka iya iyo a kududdufi tun kana yaro, kada ka gwada ƙarfi da teku, ruwansa yana ja ta ƙasa.

Sai maganar lokaci. Su mutanen Zanzibar suna kudu da layin da ya raba duniya gida biyu, yanayinsu ba namu ba ne. Babbar daminarsu, wadda suke kira masika, daga Maris ne zuwa Mayu, Afrilu ya fi kowane wata ruwa, har wasu masaukai rufewa suke yi. Idan ka ga farashi ya faɗi warwas a waɗannan watanni, dalilin ke nan, araha kuwa ba ta ado. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Lokacin da ya fi daɗi shi ne Yuni zuwa Oktoba, ba ruwa sosai, ga iska mai sanyi. Amma wannan shi ne lokacin da gero da gyaɗa da riɗi suke gona, na kuma san ko an kai ka jikinka ne zai je, zuciyarka tana wurin 'yan ƙwadago da taki. Hutun da ake yi ana kiran gida sau goma a yini bai amsa sunansa ba. Saboda haka ka bari amfani ya shigo gida, ka sayar da abin da za ka sayar, ka tafi daga tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu. Nan gida hunturu da ƙura, can rana da zafi mai gumi, amma sama a washe take. Ka kauce wa ƙarshen Disamba da kwanakin farko na Janairu, lokacin ne baƙi suke cika ko'ina farashi ya hau. Ka kuma duba kalanda kada tafiyar ta faɗa cikin azumi. Zafin can ba irin namu ba ne busasshe, mai ɗanko ne, don haka ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska kada ka karɓa, fanka kaɗai ba za ta wadatar da mai irin lalurarka ba.

Kan abinci, masaukai hanya uku suke sayar da kwana: kwana da karin kumallo kawai, kwana da karin kumallo da abincin dare, sai wanda ake cewa komai yana ciki. Na ukun ne 'yan talla suka fi turawa, shi ne kuma nake hana mutanenmu. Wani kaso na kuɗin nan giya ce ake ba baƙi ba iyaka, kai kuwa ba sha za ka yi ba, sai ka biya wa wasu, kuma irin waɗannan masaukai su ne suka fi tara masu shan. Ka ɗauki na tsakiya. Da rana ku fita ƙauye ku ci abincin gari. Ba za ku sha wahala ba: akwai shinkafa dafa-duka mai kayan ƙamshi da suke kira pilau, akwai biriyani, akwai ugali wanda tuwon masara ne sak, akwai rogo da wake da ake dafawa da ruwan kwakwa, kifi kuwa da safe ake fito da shi. Shayinsu yana shan citta da kanumfari. Kasancewar garin na Musulmi ne kada ya hana ka tambaya, domin manyan masaukai da yawa na baƙin ƙasashen waje ne, wasu suna ajiye naman alade a teburin karin kumallo saboda Turawa. A rubuta musu a tambaya ƙarara: naman da kuke dafawa yankan Musulmi ne? Kuna dafa alade a kicin ɗin? Wanda ya amsa kai tsaye shi ne abokin ciniki. Ka gaya musu kuma a rage maka gishiri. Yajinka ka zuba a gwangwani, kada ka ƙulla a baƙar leda, domin Tanzaniya ta hana shiga da ledar cefane tun Yunin 2019.

Yanzu ɗakin, kuma a nan ina so ka sa iyali a gaba. Matar da ta saba da tsakar gidanta ba za ta sake ba idan duk inda ta juya maza ne da mata rabin tsirara. Babban masauki mai ɗakuna ɗari biyu da wurin wanka ɗaya a tsakiya zai sa ta kulle kanta a ɗaki har ku dawo, ka ga ita ba ta huta ba ke nan. Ka nemi ƙarami, mai ɗakuna ashirin ko ƙasa da haka, wanda kowane ɗaki yake ware da barandarsa mai shinge tana kallon ruwa. A tambaya ko ɗakin a ƙasa yake, saboda gwiwa. A tambaya ko da gaske a bakin ruwa yake, domin wanda aka rubuta yana kallon teku wani lokaci sai ka leƙa ta saman rufin wani kafin ka hango shi. A tambayi gidan sauro, da janareta idan wuta ta ɗauke, da ko banɗakin yana da famfon tsarki. Buta dai ka saka taka a jaka, da dardumarka. Alƙibla a can arewa ake fuskanta, kusan sak, domin Makka tana arewa da su ne kai tsaye. Kada sabo ya sa ka juya gabas. Tunda za ka yi niyyar zama fiye da kwana huɗu, salla cikakkiya za ka yi idan ka sauka, ƙasaru a hanya ne kawai. A kuma tambaya minti nawa ne a ƙafa zuwa masallacin Juma'a. Duk waɗannan ɗanka ya aika musu a rubuce, ya ce su ɗauko masa bidiyon ɗakin da gaɓar a ranar, lokacin da ruwa ya ja. Gani ya kori ji.

Ka ce iyali, ba ka ce wacce ba. Ba zan shiga abin da ba a sa ni ba, amma gida mai mata biyu ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙuri'a yake yi tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Ka warware wannan tun kafin a fara maganar fasfo, domin ka dawo ka tarar da gidan lafiya.

Takardu su ne abin da ya fi cin lokaci. Mai fasfon Najeriya ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi. Muna cikin ƙasashen da sai an nema tun daga gida, hukumar shige da ficensu ta duba ta amince, abin da kan ɗauki makonni, wani lokaci har wata biyu. Don haka wanda yake son tafiya a Janairu, da an fara girbi ya kamata ya shigar. Kada a biya kuɗin jirgi ko na masauki irin wanda ba a mayarwa sai biza ta fito. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, dole ne. Ana yi a ofishin lafiya na filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma sai allurar ta kwana goma take aiki. Tun 1 ga Oktoba 2024 Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorarta ta tafiya, dala 44 ga babba, ana biya ta intanet kafin a tashi. Ku tafi da takardar aure ma, ba ta da nauyi. Jirgi kuwa yawanci daga Abuja ko Legas ne, a sauya a Adis Ababa ko Nairobi, a sauka filin jirgin Abeid Amani Karume. Ka nemi wanda zai kai ku tsibirin kai tsaye. In aka sauka Darussalam, babban birnin kasuwancin Tanzaniya, sai an ƙara wajen awa biyu a jirgin ruwa, wanda bai saba ba kuwa yana iya yin amai tun daga tashi har sauka.

Daga filin jirgi zuwa Matemwe ko Jambiani tafiyar awa ɗaya ce da ɗoriya a mota. A sa masaukin ya turo direbansa, a yi ciniki tun kafin a tashi daga gida. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, amma akwai wani abu da yake rikita baƙi: a bakinsu suna fara ƙirga awa ne daga fitowar rana, abin da agogo ya nuna bakwai na safe su ƙarfe ɗaya suke ce masa. Idan kun yi alƙawari da direba, ka nuna masa a fuskar agogo. Daloli ka canza a Wapa, ka ce a ba ka sababbin bugu, tsofaffi ana ƙin karɓarsu a can. In ka sauka ka mayar da wasu shilin, wato kuɗin ƙasar, don cefane da sadaka. Maganin hawan jininka ka ɗauki wanda zai wuce kwanakin tafiyar, a jakar hannu, tare da takardar likita. Babban asibitinsu, Mnazi Mmoja, a cikin birni yake, ƙauyukan bakin ruwa ƙananan wuraren shan magani ne da su, don haka kada ka bari sai ya ƙare.

Yadda nake raba wa dattawa kwana goma shi ne bakwai a bakin ruwa ba tare da an tsara komai ba, sai biyun ƙarshe a tsohon birni, wanda suke kira Mji Mkongwe, ɗaya kuma hanya ta cinye. Birnin lunguna ne matsattsu kamar cikin ganuwar Kano, da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Da yamma ana gasa kifi a dandalin Forodhani a bakin ruwa. Kwana biyu sun isa, domin akwai cunkoso da zafi. Daga nan za a kai ku gonar kayan ƙamshi, ku ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu. Wannan kaɗai nake so kada ka bari ya wuce ka, kai da ka shekara talatin kana auna su a mudu. Sauran yawace-yawacen da za a yi ta yi maka talla, ka ce musu hutu ka zo yi.

In ka amince da Janairu, ka sa yaron nan ya ɗauki hoton shafin farko na fasfonka da na wadda za ta raka ka ya turo min kafin wata Alhamis ɗin, in duba kwanakin da suka rage musu. Ka kuma koma wurin likitan ka gaya masa tafiyar jirgi ce ta kusan yini guda da sauyi a hanya, ya faɗa maka ko jinin ya sauka yadda za ka iya. Da na ji daga gare shi zan aiko maka da bidiyon masaukai uku, biyu a Matemwe ɗaya a Jambiani, ku zauna da iyali ku zaɓa. A gaida mutanen gida.